Gobe Ma

Ranar Talata Farfesa Hansatu Deba ta shigo aji,
ba littafi a hannunta, sai hoto a waya.
Ta ɗau alli, ta juya mana baya,
kalma biyu tak ta rubuta:

GOBE MA.

Ta ce, “A bayan wata tsohuwar gingimari na gan shi,
a Tashar Dukku, an danƙara mata buhunan wake.
Gobe ma me? Rana? Bashi? Yunwa?
Mai wannan hannu ya san inda ake yin shiru.
Ya bar wa duk wanda ke binsa a baya
ya ƙarasa da abin da ke cin ransa.
Ku da kuke cika mini shafi goma
kafin ku ce ruwa ya sauka,
ku je ku koyi rowar kalma a bayan mota.”

Aji ya kwashe da dariya. Ban da ni.
Na san wannan G mai baki kamar lauje,
na san M ɗin da ƙafar damansa ke ɗingishi.
Buroshin da ya haife su
ni nake wanke shi da kananzir tun ina firamare.
Amma a takardar shiga jami'a, wajen sana'ar uba,
“ɗan kasuwa” na rubuta.

Shekara ashirin tana wannan farauta.
Abokan aiki na kiranta Farfesar Tasha,
wai adabi ba ya warin baƙin mai.
Ita ko ta cika kabad da muryar masu tallan magani,
da sunayen da mata ke laƙaba wa atamfa,
da allon wani mai aski na Jekadafari
da ta saya da kuɗin aljihunta.
Takan ce gari na rubutu dare da rana,
saura wanda zai tsaya ya karanta.

Mako uku maganar na tsaye mini a maƙoshi.
Ranar da na furta, mabuɗin mota kawai ta nema.

Mun iske Baba a Bolari, a tsugune,
yana zana lamba a ƙeyar wata adaidaita,
jan fenti har gwiwar hannu.
Ta zauna kan tsohuwar taya,
ta nuna hoton, ta juye masa darasin kaf,
har da shirun, har da rowar.
Baba ya saurara sai da ta kai aya,
ya goge yatsu da tsumma, ya ce,
“Hajiya, ai motar Jalo ce.
‘Gobe ma rana ce’ ya ce in sa masa.
Kuɗin kalma biyu ya ajiye,
ya ce gobe zai kawo ciko.
Damina tara ke nan.
Ni kuwa ba na fenti bashi.”

Na so ƙasa ta tsage in shige.
Ita ko dariya take har mayafi ya zame,
ta share ido, ta zaro biro:
“Malam Manu, maimaita sannu a hankali,
kada ko wasali ɗaya in manta.”

Talata ta zagayo. Ta ce wa aji,
“Wancan karon fassarar mai albashi na ba ku.
Ga ta mai fenti. Ku riƙe duka biyun.”
Ta rubuta sunan Baba a allo,
babu ƙugiya, babu ɗingishi,
ni kuma na rasa inda zan ajiye ido.

Da dare muna cin tuwo ya tambaye ni,
“Ita malamar nan taku,
nawa ake biyanta kan kowace kalma?”
Na ce ban sani ba.
Ya ce, “To ka gano mini. Ina ga Jalo ya cuce ni.”

Jiya na hango gingimarin a hawan Tumfure,
tana tari, tana hayaƙi, ta ƙi ta huta.
Har yanzu kalma biyu ce a bayanta.